Tara ko kaso ga wanda ya soki gwamnati?

Nan Yamai duka biyun an gwada su. Dokar intanet ta 2019 ta sa kaso kan zagi da ɓata suna, a 2022 lokacin Bazoum aka cire kason aka bar tara, sai a Yunin 2024 gwamnatin soja ta maido da kason, shekara 1 zuwa 3, in kuma aka ce rubutunka na iya tada hankalin jama'a to 2 zuwa 5 ne.

Tara na da ciwo ƙwarai, miliyoyin sefa ba wasa ba ne ga talaka, amma ko ba komai mutum zai kwana gidansa, gobe ya fito neman abincin yara. Kaso kau ba mutum ɗaya yake kullewa ba. Je fada da dare ka gani, ana shan shayi, wani ya ɗauko zancen tsadar shinkafa sai a ce masa rage murya, a WhatsApp ma kowa sai goge saƙo yake. Kuma wa ke auna "tada hankalin jama'a" ɗin? Samira Sabou 'yar jarida ce, an tsare ta a 2020, aka sake tsare ta a 2023, gwamnati biyu daban. Wanda ya yi ƙazafi a ci shi tara ya janye maganarsa, ni dai nan na tsaya.