Idan Kwamfaila Ta Haɗiye Umarnin Da Ake Buƙata, Wane Kayan Aiki Za Ka Fara Ɗauka?

Kwamfaila ita ce manhajar da ke fassara shirin da ka rubuta zuwa umarnin inji, kuma duk kayan aikin gano kuskurenta da ke nan kyauta ne. Lokacinka ne kuɗin, kuma zaɓen da bai dace ba yana cinye shi da yawa. Alamar matsalar sananniya ce: shiri yana aiki lafiya a -O0 (inda kwamfaila ba ta gyara shi don sauri), da an kunna -O2 (inda take gyarawa) sai wata ƙima ta ɓace. Ka leƙa asambili, wato umarnin injin da kwamfaila ta fitar, ka tarar umarnin da zai kwafe ta zuwa wata rajista (ƙaramar ma'ajiya a cikin CPU) babu shi. Sau da yawa tushen abin shi ne an yi wa rajista alamar ta mutu alhali wani umarni na gaba yana jiran karanta ta, sai mai share matattun umarni ya share wanda ya cika ta.

Kafin ka ɗora wa kwamfaila laifi, bi shirinka da UBSan da ASan, masu gano kurakuran shirin kansa yayin da yake gudana, ka kuma duba duk asambilin da ka saka cikin C, ko ka faɗi rajistocin da yake taɓawa. Wannan ya fi komai araha.

A LLVM, ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren kwamfaila, abin da nake ba da shawarar farawa da shi shi ne -verify-machineinstrs. Yana duba umarnin injin bayan kowane mataki, kuma yana tsayawa a daidai inda aka karanta rajistar da ba a cika ba. Iyakarsa ita ce tsari yake dubawa, ba ma'ana ba: umarni na iya ɓacewa kuma komai ya zauna daram a idonsa. Idan ya yi shiru, canza mai rabon rajista, wato matakin da ke zaɓa wa kowace ƙima rajistar da za ta zauna. Greedy ne na yau da kullum tun LLVM 3.0 a 2011, to gwada -regalloc=basic. Matsalar ta tafi? Zargi ya karkata ga yadda greedy ke tsaga rayuwar ƙima. Tana nan? Duba abin da greedy da basic suka yi tarayya a kai, musamman mai haɗe kwafe-kwafe, wanda -join-liveintervals=false ke kashewa. Shi kuwa -opt-bisect-limit, mai tsallake matakai don gano wanda ya jawo kuskure, kada ka dogara da shi a nan, domin matakan da za a iya tsallakewa kawai yake tsallakewa, rabon rajista kuma dole ne.

Masu amfani da kwamfailar GCC suna da masu rabon rajista biyu: IRA tun siga 4.4, da LRA da ya fara aiki a injunan x86 tun 4.8. Sai dai ka yi haƙurin karatu: -fdump-rtl-ira da -fdump-rtl-reload za su nuna maka matakin da umarnin ya ɓace.

Wurin rage girman misalin da za ka kai rahoto da shi ne zaɓi ya fi nauyi. C-Reduce na Jami'ar Utah da ƙaninsa C-Vise suna yanke shirin C har ya koma 'yan layuka, kuma ga mai GCC su ne abin dogaro. Amma irin wannan kuskure yana rayuwa ne a kan cunkoson rajista. Cire layi guda, cunkoson ya ragu, kuskuren ya ɓuya. Wani haɗarin kuma, idan gwajinka bai hana ba, mai yankan zai kai ka ga shirin da shi kansa ba shi da inganci. Shi ya sa a LLVM na fi son a tsayar da llc, mai samar da umarnin inji, da -stop-before=greedy, a ajiye MIR (siffar shirin a wannan matakin), a ba llvm-reduce ya yanke shi a wannan matakin, sannan a riƙa maimaitawa da -run-pass=greedy. Mai kula da kwamfaila zai fi saurin gyara irin wannan rahoto.

Alive2 kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, amma IR, siffar shiri kafin ya zama umarnin inji, yake tantancewa, tun kafin a raba rajista, don haka ba na wannan aikin ba ne. Idan kuma kana da tsohuwar sigar kwamfaila da ba ta da matsalar, git bisect, mai bincika tarihin canje-canje, zai kai ka ga canjin da ya jawo ta. Haɗa shi da ccache, mai ajiye abin da aka riga aka gina, domin sake gina kwamfaila a kowane zagaye ne ke cin sa'o'i.