Daga Singafo zuwa New York Ba Tare da Yada Zango Ba

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy na birnin New York akwai nisan da ya haura kilomita 15,300, kuma kamfanin Singapore Airlines yana ratsa shi a tashi ɗaya, cikin sa'o'i 18 zuwa 19, gwargwadon yadda iska ta kaɗa. Jirgin da ke wannan aiki, Airbus A350-900ULR, kujeru 161 kacal gare shi, domin an cire sashen masu ƙaramin kuɗi baki ɗaya, abin da ya rage masa nauyi, ya kuma ba fasinja sararin miƙe ƙafa.

A ganina, nan ne darajar tafiyar take. Duk wanda ya taɓa sauka a tsakiyar hanya, ya sake bin layin bincike, ya zauna jiran wani jirgin da tsakar dare, ya san daɗin zama wuri ɗaya har a isa. Sai dai tikitin yana da tsada, kuma bambancin lokaci na sa'o'i 12 ko 13 tsakanin biranen biyu yana rikita barcin mutum na wasu kwanaki, ko da ya samu hutu a cikin jirgin.