Audio-Technica AT-LP60X: ya dace da tsohon faifai?

Ga mai son sake jin waƙoƙin ƙuruciyarsa a faifan garmaho, wannan na'urar juya faifai ta yi. Danna maɓalli kawai, hannun allurar ya sauka da kansa. Tana juya faifai mai gudun juyi 33 da 45 a minti ɗaya, amma ba ta ɗaukar na 78.

Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: nauyin allurar a kan faifai, wajen giram 3.5, ba a iya saita shi. Faifan da ya lanƙwashe zai iya sa allurar tsalle. Idan faifanka mai wuyar samu ne, nemi na'urar da ake saita nauyin allurarta. Kafin nan, goge ƙura da burushi mai laushi, kuma sauya allurar (ATN3600L) da zarar sauti ya fara kaushi, don dakusasshiyar allura cin layukan faifai take yi.