Ɗauki na Mar-Vell, ka ƙyale tsoho Logan

Ƙanena, tunda ka ce kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, idonka kuma na kan komik biyu, wato littattafan labari cikin zane, The Death of Captain Marvel (labarin mutuwar jarumin da sunansa na asali Mar-Vell) da Old Man Logan, to ɗauki na farkon. Duka biyun suna cikin kwabata a nan gida. Ɗaya har bangonsa ya yi laushi don yawan buɗawa, ɗayan kuwa tun daren da na gama shi ban sake bi ta kansa ba.

Na san abin da ke jan ka wajen Logan, don ni ma shi ya ja ni: fim ɗin Logan na 2017. Ka ga Hugh Jackman da furfura yana tari, rauni ya daina warkewa nan take kamar da, yana ɗaukar Farfesa Xavier cak ya kai shi makewayi, yana lallashinsa ya sha magani. Da na ji an ce daga littafi aka samo tushen labarin, ban yi wata-wata ba na saya. Ashe sun yi hannun riga. A littafin da Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven ya zana tsakanin 2008 da 2009, babu Xavier, babu yarinyar nan Laura. Logan manomi ne a Kalifoniya, shekara 50 bayan miyagu sun cinye Amurka sun yi watandarta, jikokin Hulk na bin sa kuɗin haya, sai Hawkeye, tsohon jarumi maharbin baka da ya makance, ya ɗauke shi aikin rakiya zuwa gabas. Daga nan sai jini, shafi bayan shafi. Zanen McNiven ya yi kyau, wannan ba zan ci masa haƙƙi ba. Amma tsufan na furfura ne kawai, don a ƙarshe gogan naka doki ya hau ya yi gaba, garau da shi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Na Mar-Vell ya fito a 1982, Jim Starlin ne ya rubuta ya kuma zana da hannunsa, kuma da shi kamfanin Marvel ya buɗe jerin manyan littattafansa na Marvel Graphic Novel. Gara in faɗa maka tun yanzu, Mar-Vell ba tsoho ba ne tukuf mai dogara sanda. Tsohon soja ne na Kree, wata ƙabila ta wata duniyar, da ya juya wa shugabanninsa baya don ya kare mutanen duniya, ya gama yaƙe-yaƙensa, ya koma Titan, ɗaya daga cikin watannin Saturn, yana zaune da masoyiyarsa Elysius. Littafin ya buɗe da shi yana ɗaukar tarihin rayuwarsa a na'ura, don haka ko ba ka taɓa jin sunansa ba, kafin ka wuce shafukan farko ka san ko wane ne. Sai tari ya fara.

Ciwon daji ne. Ba wani mugu ba ne ya harbe shi, ba tsafi ba. Shekaru baya, a fitowa ta 34 ta mujallarsa a 1974, ya yi artabu da wani mugu mai suna Nitro, tukunyar iskar guba ta tsage, ya toshe ta da hannunsa don kada jama'a su halaka. An ba shi makari, ya miƙe, masu karatu suka manta. Starlin bai manta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mundayen nan biyu da ke wuyan hannunsa, waɗanda daga gare su ƙarfinsa yake. Su suka danne cutar duk tsawon shekarun, su ne kuma suka sa ta rikiɗe ta ƙi jin magani. A cire su ya mutu da wuri, a bar su magani ba zai kama ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban likita ana jera masa zaɓi biyu da babu na daɗi a ciki ya san wannan wurin.

Sauran littafin kuwa dubiya ce, irin wadda ni da kai muka sani. Mutane na shigowa, kowa da irin halinsa.

Rick Jones, yaron da suka daɗe rayuwarsu a ɗaure da ta juna, fushi ya yi. Ya ga kamar Mar-Vell ya sallama da wuri, ya faɗa masa magana mai zafi ya fice. Ya je ya titsiye masanan da ke cikin ƙungiyar jarumai ta Avengers, aka bar su da tambayar da ba su da amsarta: duk wannan basira ta ƙera sulke da jiragen sama jannati, me ya hana ku taɓa waiwayar cutar da ke kashe mutane kullum? Sun taru a Titan, har da Reed Richards, babban masanin kimiyya na ƙungiyar Fantastic Four, sun kwana a ɗakin bincike, ba su samo komai ba. The Thing, ƙaton jarumi mai jikin dutse, ya zauna a bakin gado yana zuba tsofaffin labaran faɗa don a yi dariya. Spider-Man, wanda ko ana dukansa bakinsa ba ya mutuwa, ya tsaya ya kasa cewa uffan, ya juya ya fita. A ransa irinsu harsashi da bam ke kashewa, ba ciwo a kan katifa ba. Sai ga wani janar na Skrull, abokan gabar Kree na kaka da kakanni, ya zo da lambar yabo mafi girma ta jarumta a wurinsu, ya miƙa wa mutumin da ya sha karya su a fagen fama. Kree kuwa, danginsa na jini, ko ɗan aike ba su turo ba, don har gobe maci amana suke kallonsa.

Ni a baranda ta asibiti na karanta shi, a kan tabarma, lokacin da muke jinyar kawuna, Allah ya jiƙansa. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa na tsince shi tun da daɗewa, na ajiye ban buɗe ba, ranar da zan tafi kwanan asibiti na jefa shi cikin jaka tare da caja da sallaya. Kawu mahauci ne, kuma a zamaninsa ɗan dambe ne da ake kiɗa wa. Muna yara, hannunsa na dama muke zuwa taɓawa, mu ji kamar taɓarya. A gadon nan, da hannun nan, kofin kunu sai an riƙe masa.

Ni ne Spider-Man ɗin gidanmu. Da na ga za a juya shi ko za a canza masa zani, sai katin waya ya ƙare mini, ko in tuna ba a sayo ruwan roba ba. In fita in yi ta zagaye wajen masu shayi har sai na tabbata an gama. Ina ganin kamar babu wanda ya lura. Da na zo shafin da Spider-Man ya fice, sai na rufe littafin na daɗe ina kallon silin, kunya ta rufe ni, don na ga yadda abin yake a idon wanda ke kwance. Washegari da za a juya kawu na tsaya na kama kafaɗa. Bai ce komai ba, sai da aka gama ya ce, "Yau katin bai ƙare ba?"

Janar ɗinmu na Skrull shi ma ya zo. Wani dattijo ne da suka sha gwabzawa da kawu, shi ɗan Kudu, kawu ɗan Arewa, kuma a gidanmu ba a ambaton sunansa sai da tsaki. Ya shigo da goro ƙulle a leda, wanda kawu ba zai iya ci ba. Ya ce, "Sannu, ya jiki?" Kawu ya ce, "Da sauƙi," kamar yadda kowa ke cewa ko da rai na maƙogwaro. Suka yi shiru. Can sai baƙon ya nuna haƙorinsa na gaba da babu, ya ce wa 'yan ɗakin, "Kun ga wannan? Aikinsa ne." Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kafin ya tafi suka yafi juna. Wasu kuwa da suka ci nama a teburinsa shekara da shekaru, sai ranar sadakar uku muka ga ƙeyarsu.

An san Starlin ya yi littafin ne ba da daɗewa ba bayan ciwon daji ya ɗauke mahaifinsa, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane wanda ya zana shi ya taɓa zaman jinya. Dubi yadda fuskar Mar-Vell ke zabgewa a hankali daga shafi zuwa shafi, kumatu na shigewa, ido na faɗawa. Dubi inda ya keɓe da abokinsa Eros ya bar masa amanar Elysius, wasiyya sak. Akwai kuma inda haƙuri ya ƙwace masa yana shi kaɗai, ya yi fushin da bai yarda ya yi a gaban mutane ba. A komik ɗin jarumai an saba mutum ya mutu yau, baɗi a dawo da shi da wani uzuri. Wannan mutuwar tana cikin 'yan kaɗan da aka daɗe ana jin nauyin taɓawa.

Yana da nasa aibin, kada ka ce ban faɗa ba. Siriri ne, bai wuce shafi 60 da ɗoriya ba, zama ɗaya ka gama, kuma idan ka auna kuɗin da kaurin takarda za ka ga kamar an cuce ka. Launin na zamanin da ne, ba ya sheƙi irin na McNiven. Starlin kuma akwai surutu, wani shafin rubutu ya kusa cinye zane, sai ka ɗan yi haƙuri da Turancin. Ƙarshensa ma, inda Thanos, tsohon abokin gabarsa, ya zo masa cikin magagin ajali suka yi faɗan ƙarshe sannan ya raka shi wajen Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace, wannan tunaninsu ne na can, ka karanta shi a matsayin tatsuniya. Hatta bangon an kwaikwayo shi ne daga sassaƙen Michelangelo da ke cocin Vatican, sai dai a nan Mutuwa ce ke rungume da Mar-Vell a cinyarta. Idan akwai ƙananan yara a gida, ka san inda za ka ajiye shi. Na Logan kam ko kusa kada su gani.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa, don na taɓa ƙonewa. Masu sayar da littafi a intanet da yawansu ba su san abin da suke sayarwa ba, wasu kuma sun sani sarai. Sunan Captain Marvel ba mutum ɗaya ke amsa shi ba. Akwai Carol Danvers, wadda Brie Larson ta fito a matsayinta a fim ɗin 2019, fim ɗin da ma aka mayar da Mar-Vell mace. Akwai kuma na kamfanin DC da yanzu ake kira Shazam, shi ma da can sunansa ke nan. Lokacin da na so saya wa wani abokina kwafi, na tura kuɗi har da na mota, bayan kwana biyar direba ya kira ni tasha, na buɗe leda sai ga Carol Danvers tana murmushi. Na kira mai kayan ya ce ai duk Captain Marvel ne. Kira na biyu bai ɗauka ba, na uku layin a kashe.

Don haka ka nemi sunan Jim Starlin a bango, ka kuma ga hoton nan na ƙwarangwal cikin mayafi riƙe da jarumi mai ja da shuɗin kaya. Kada ka yarda da hoton da aka sauko da shi daga intanet. Ka ce ya ɗauki bidiyo yana buɗa shafuka da hannunsa, da 'yar takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar. Idan ya fara cewa kayan na sito, yaronsa ya tafi da makulli, ka kama gabanka. Akwai masu sauko da littafin daga intanet su buga a shago su manna da gam. Za ka gane su da baƙin da ya koma toka-toka, da rubutun cikin kumfar magana da ya yi dishi-dishi, kuma kafin sati shafuka sun fara zubewa. Wani kuma zai ce maka nasa bugun farko ne na 1982 don ya ninka kuɗi. An sake buga littafin nan sau da dama, kai kuma karantawa za ka yi, ba gado za ka bari ba, sabon bugu ya ishe ka. Wasu sababbin ma sun haɗo da fitowa ta 34 ɗin nan ta faɗan Nitro a ciki, in ka dace da irinsa ka ci riba.

Idan kuma zuciyarka ta ƙi, sai Logan, to a nan ma a kula. Akwai wani dogon jeri mai suna iri ɗaya da Jeff Lemire ya fara a 2016, ana sayar da shi kashi-kashi, sai a miƙo maka kashi na uku a ce shi ke nan labarin. Na asalin dunƙule yake a littafi ɗaya, da sunan Millar da McNiven. Nawa ma ka zo ka ɗauka aro, ba sai ka yi gaggawar dawowa da shi ba. Na Mar-Vell ne dai ba ya fita daga gidan nan, don takardar sallamar kawu tana ciki, a shafin da na tsaya a daren.

In ka samu mai sayarwa, turo hoton bangon nan kafin ka tura ko sisi, in duba maka.