Faifan Things Fall Apart na The Roots: gambarar da aka kaɗa da hannu

Sana'ata kayan sauti. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina ɗora lasifika a bayan a-kori-kura ina kaiwa gidajen biki da wuraren taro a nan Kaduna, saboda haka kunnena ya gama sabawa da kiɗan kwamfuta. Ka danna ya tashi, ya yi ta juyawa a wuri ɗaya har ka kashe, babu ruwansa da abin da mawaƙi ke faɗa. Watan jiya ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo hutu, ya miƙo mini tsaraba cikin 'yar leda: faifan CD na asali na ƙungiyar The Roots, mai suna Things Fall Apart, da ya tsinto a shagon gwanjo. Murfin robar ya tsage a kusurwa ɗaya, amma faifan babu ƙarzuwa, ɗan littafin da ke ciki ma yana nan lafiya lau. Na taɓa mallakar na jabu tun ina saurayi, wanda ya kan fara tsalle da zarar an kai tsakiya, don haka rabin wannan aiki ban taɓa jin sa yadda ya kamata ba sai yanzu. Sati uku ke nan ina sa shi a shago bayan la'asar.

Kafin ka ji komai, hoton bango ne zai fara tsayar da kai. Hoto ne baƙi da fari, na gaske, da aka ɗauka a unguwar Bedford-Stuyvesant ta birnin Niyok a shekarun 1960, zamanin fafutukar 'yancin baƙar fata. Wata yarinya ce a gaba tana gudu, baki buɗe, tsoro ya cika mata fuska, wani saurayi na biye da ita, can baya kuma ga tarin 'yan sanda sun biyo su. Bango iri biyar aka yi wa faifan da ya fito a Fabrairun 1999, ciki har da mai hoton yaron da yunwa ta cinye a Somaliya da mai hoton cocin da aka ƙone, amma wannan na yarinyar shi ya fi yaɗuwa, shi ne kuma a hannuna. Sunan faifan kuwa duk wanda ya yi sakandare a Najeriya ya san inda aka samo shi, wato littafin Chinua Achebe na 1958. Na tuna yadda gabana ya faɗi da daɗi ranar da na fara ganin sunan littafin da muka karanta a aji a jikin faifan wasu samari 'yan Filadelfiya.

Su waye su? Mutum biyu ne ginshiƙin. Ahmir Thompson, wanda duniya ta sani da Questlove, shi ne makaɗin ganga. Tariq Trotter, wato Black Thought, shi ne mai baki. Sun haɗu a 1987 a makarantar sakandaren koyon fasaha ta Filadelfiya. Ahmir ɗan gado ne, mahaifinsa Lee Andrews mawaƙi ne tun shekarun 1950, kuma tun yana ƙarami yake bin iyayensa wurin wasa. Tariq kuwa maraya ne sau biyu: an kashe mahaifinsa yana jariri, aka kuma kashe mahaifiyarsa yana sakandare. Ina faɗin wannan ne domin in ka san shi, za ka gane abin da ya sa muryarsa ba ta wasa ko a inda yake kirari. A bakin titin South Street suka fara, ɗaya na duka ɗaya na zuba baiti, masu wucewa na jefa musu abin da ya sawwaƙa. A 1993 suka buga faifansu na farko, Organix, da kansu, don su samu abin sayarwa a wani bikin kiɗa a Jamus. Suka zauna a Landan na wani lokaci suna bin ƙananan dandali, kafin kamfani ya ɗauke su su fitar da faifai na biyu a 1995, na uku a 1996.

Abin da ya raba su da kowa shi ne suna hawa dandali da kayan kiɗa, a lokacin da gambarar Amurka ta dogara da na'urar da ke yanko kiɗa daga tsofaffin faya-fayai tana maimaitawa. Ganga, jitar bes a hannun Leonard Hubbard, fiyano a hannun Kamal Gray, sai mutum biyu, Rahzel da Scratch, da ke yin kiɗa da bakinsu kawai. Wannan ya jawo musu farin jini a wurin masu zuwa kallo, ya kuma jawo musu gori a gida: wasu na cewa ai wannan kiɗan jaz ne, ba gambara ba. Gidajen rediyo ma ba su cika sa su ba. Da yawon wasa suka rayu, gari bayan gari, har sai da wannan faifai na huɗu ya buɗe musu ƙofa. Ya kai mataki na 4 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, ya sayar da kwafi dubu ɗari biyar a shekarar da ya fito, ya cika miliyan a 2013.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani, wato sauti. Ranar farko da na sa waƙar The Next Movement a manyan lasifikan shago, yaron da ke koyon aiki a wurina ya ajiye wayar da yake naɗewa ya ce, "Oga, wace manhaja suka yi wannan bit ɗin da ita?" Na ce masa mutum ne zaune da sanda biyu. Bai yarda ba sai da na mayar baya, na rage bes, na ɗaga tsakiya a miksa, na ce ya bi ƙaramar gangar nan mai ƙara kaɗai. Bugunta a bushe yake, gajere, kamar an karya kara. Yana sauka a wuri ɗaya kowane zagaye har ka rantse inji ne. Amma in ka daure ka saurara, za ka ji wani bugun ya ɗan fi wani nauyi, wani ya ɗan makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma makarar tana zuwa ne daidai inda Black Thought ke buƙatar sararin jan numfashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu yana bin bakin mawaƙinsa ya san wannan abu. Makaɗin yana sauraro. Abin da ya ba ni mamaki da Questlove shi ne kamun kai: mutumin da zai iya cika waƙa da gwaninta ya zaɓi ya danne hannunsa na tsawon minti huɗu don kalma ta fito. A sana'armu wannan ya fi komai wuya, domin kowa so yake a ji shi.

An ɗauki yawancin aikin a situdiyon Electric Lady da ke Niyok, a daidai lokacin da mawaƙa irin su D'Angelo da Common da Erykah Badu ke shiga da fita a wurin suna nasu faya-fayan, kowa na leƙa ɗakin kowa. Marigayi J Dilla na cikinsu, shi ya haɗa kiɗan Dynamite!, kuma daga wurinsa ne Questlove ya ɗauko wannan salo na bugun da ke ɗan tangaɗi da gangan. Ana jin zaman tare a cikin faifan. A Double Trouble, Black Thought da Mos Def na miƙa wa juna baiti, wannan ya fara wancan ya ƙarasa, ba ka jin inda aka ɗinke. A 100% Dundee kuwa abin da ke girgiza lasifika bakin Rahzel ne. Bes ɗin faifan gaba ɗaya mai ɗumi ne, ba ya kumbura ya danne murya. Na gwada shi a ƙaramar rediyon mota, na gwada a hedifon, bai rasa komai ba sai ɗan zurfin ƙasa.

To ina maganar kishin al'umma da ake danganta su da ita? A nan zan faɗi gaskiyar abin da na ji. Wanda ya sayi faifan yana jiran wa'azi daga farko har ƙarshe zai sha mamaki, domin fiye da rabinsa kirari ne da ƙure, irin na wanda ya san ya iya kuma yana kiran duk mai ja ya fito fili. Damuwarsu ta fi fitowa ta wata hanya. Faifan ya buɗe da wata gardama da aka ciro daga fim ɗin Spike Lee na 1990, Mo' Better Blues, inda makaɗa biyu ke musu kan dalilin da ya sa baƙar fata ba sa zuwa sauraron kiɗan da yake nasu: laifin jama'a ne, ko laifin makaɗin da ke kaɗa abin da shi kaɗai yake so? Wannan tambaya ce ke bin faifan har ƙarshe. A tuna da lokacin. An harbe manyan taurarin gambara biyu, Tupac a Satumbar 1996, Biggie a Maris na 1997, kasuwa kuma ta koma hannun masu nuna motoci da sarƙoƙi da kwalaben giya a bidiyo. The Roots na ganin abin da ya tashi a matsayin muryar talakan unguwa yana komawa hajar da ake ci a yar. Abin da ke wargajewa a sunan faifan ke nan, tare da unguwannin da suka fito. Kuma Filadelfiyar da suka taso ba wurin wasa ba ce: a Mayun 1985 'yan sandan birnin suka jefa bam daga jirgi mai saukar ungulu a kan gidan wata ƙungiyar 'yan fafutukar baƙar fata mai suna MOVE, mutum 11 suka mutu, biyar yara ne, gidaje 61 suka ƙone, a yammacin birnin inda Questlove ya girma.

Waƙar da ta fitar da su ita ce You Got Me, kuma ta cancanta. Labarin mawaƙi ne da ke yawon wasa a Turai, ya haɗu da wata 'yar garinsu a Faris, ashe gini ɗaya suka taɓa zama ba su san juna ba. Daga nan sai zancen amana: shi kullum yana hanya, ita tana gida, masu kai gulma na kai nasu. Babu batsa a ciki, babu wulaƙanta mace, kuma ita ma an ba ta baki ta faɗi nata ta muryar Eve. Amshin Jill Scott ce ta rubuta shi ta kuma fara rera shi, amma kamfanin ya ce ba a san ta ba, aka kawo Erykah Badu. Erykah ta yi kyau ƙwarai, sai dai abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna, domin irin wannan danniyar ce faifan ke kuka a kai. A minti na ƙarshe Questlove ya saki hannunsa, bugun ya ninka gudu kamar ruwan sama a kan kwano, shi ne kawai wurin da ya yarda ya nuna abin da yake ɓoyewa. Waƙar ta ci kyautar Grammy a 2000.

Akwai abubuwan da ban so ba. Faifan ya haura awa ɗaya, kuma wajen kashi na uku akwai waƙoƙi biyu ko uku da ke tafiya da gudu ɗaya da launi ɗaya, har hankali ya fara yawo. Akwai ashar jefi-jefi, don haka ba na sa shi in yara na shago, ba kuma abin sawa a gidan biki ba ne. Turancin ma na unguwa ne, cike da karin maganar 'yan Filadelfiya, ko wanda ya yi boko sosai sai ya maimaita baiti sau uku kafin ya kama. Ɗan littafin ciki bai kawo kalmomin da za su taimaka a nan ba, amma ya biya ta wata fuskar: Questlove ya cika shi da bayanin yadda aka yi kowace waƙa, da ƙananan haruffa har sai na nemo tabarau. A nan ne na lura lambar waƙar farko 54 ce, ba 1 ba, domin suna ci gaba da ƙirga ne daga faifansu na farko, kamar duk aikinsu littafi ɗaya ne. Wanda ya saurara ta waya kawai ba zai ga wannan ba, shi ya sa nake cewa in ka samu faifan na asali, ko da na gwanjo ne, ka ɗauka.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Su suka kaɗa wa Jay-Z a wasansa na MTV a 2001, suka zama makaɗan shirin Jimmy Fallon na talabijin tun 2009, Questlove ya ci Oscar a 2022 da fim ɗinsa na tarihi, Summer of Soul. Ni dai muryar da ta fi tsaya mini a wannan sauraron ita ce ta Malik B, mai baki na biyu, wanda sunansa na yanka Malik Abdul Basit. A The Spark shi kaɗai ne, muryarsa a sanyaye, kamar mai magana da kansa da dare. Bayan wannan faifai ya janye daga ƙungiyar, ya rasu a Yulin 2020 yana da shekara 47. Hubbard mai bes ya bi shi a Disambar 2021.

Wurin da tsohon faifaina na jabu bai taɓa kaiwa ba shi ne ƙarshe. Babu gambara a can. Wata mawallafiya ce, Ursula Rucker, take karanta waƙen baka a hankali a kan kiɗa siriri, labarin gidan da uba ke dukan uwa, ɗa ya taso yana gani, ya faɗa shaye-shaye, ya ƙare da harsashi. Ɗan'uwanta take nufi. Ranar da na fara jin ta har ƙarshe an ɗauke wuta, muna kan ƙaramin janareta, yaron shagona na tsugune yana goge makirfo. Bai fahimci rabin Turancin ba, amma ya daina gogewar. Da ta gama sai shiru ya biyo baya, na miƙa hannu zan cire faifan, ya ce, "Oga dakata, lambar tana tafiya." Muka jira. Can sai ganga ta sake tashi, ashe akwai wata waƙa a ɓoye bayan shirun.