Tsatsar waken suya: wane magani za ka saya, kuma yaushe?

Awara ta kama kasuwa a Tawa, don haka mai fadama a wajen Kwanni, Madawa ko kwarin Magiya yana da dalilin gwada waken suya. Amma waken yana da cutarsa, tsatsa, wadda wata fumfuna ke kawowa ta iska. An tabbatar da ita a Yuganda a 1996, kafin ƴan shekaru ta iso Najeriya. Idan ta kama gona da wuri, ganye ya kaɗe kafin ƙwaya ta cika, asara tana iya wuce rabin amfanin.

Kafin ka taɓa aljihu, dubi gonarka. Tsatsa na son ganye ya yi awa 6 ko fiye a jiƙe, da yanayi mai ɗan sanyi. A jigawa, inda rana ke shanye raɓa tun hantsi, ba kasafai take samun wurin zama ba. Mai fadama da mai ban ruwa su ne ke cikin haɗari, musamman lokacin marka. Juya ganyen ƙasa ka duba bayansa: ƙananan ƙuraje masu launin ƙasa, da gari mai ɗan kama yatsa. Akwai cutar bakteriya mai kama da ita sosai wadda maganin fumfuna ba ya yi mata komai, saboda haka kai wa malamin gona ganyen ya gani.

A ganina, kuɗin da ya fi amfani shi ne na iri. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da irin da ke jure tsatsa, kamar TGx 1835-10E da aka saki a Najeriya a 2008, da TGx 1987-62F a 2010. Na farkon yana nuna da wuri, abin da ya dace da gajeriyar daminarmu. Waken da ake aunawa a tiya don awara, ba wanda zai faɗa maka asalinsa. Garin wanke iri kamar Apron Star yana kare tsiro daga ruɓewa a ƙasa, ka saya, amma ba ya hana tsatsa, domin ba ta cikin iri take zuwa ba.

A kanti kuwa, magungunan feshi iri biyu ne. Akwai mai zama a jikin ganye daga waje, kamar mancozeb. Yana da araha, kuma fumfuna ba ta saurin sabawa da shi. Aibinsa shi ne rigakafi kawai yake yi: ruwan sama na wanke shi, sabon ganye bai da kariya, sai an maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Idan ƙuraje sun riga sun bazu, ba zai janye su ba. Maganin jan ƙarfe ma a wannan layi yake, sai dai ya fi rauni a kan tsatsa, kuma yana iya ƙona ganye in an fesa shi cikin zafin rana.

Na biyu shi ne mai shiga cikin ganye: tebuconazole, difenoconazole, azoxystrobin. Ya fi tsada, amma yana tsayar da cutar da ta fara, kariyarsa ta kai mako 2 zuwa 3. Wanda aka haɗa sinadari biyu a kwalba ɗaya, kamar azoxystrobin da difenoconazole, ya fi mai sinadari guda. Manoman Birazil sun dogara da dangin tebuconazole shekara da shekaru har tsatsar ta daina jinsu sosai. Kada ka wuce feshi biyu da mai shiga cikin ganye a damina ɗaya, kuma ka riƙa sa mancozeb a tsakani.

Mai ƴar gona da iri mai juriya, mancozeb ya ishe shi, ya fara da fitowar fure idan marka ta zauna. Mai eka da yawa a fadama ya tanadi haɗin nan, ya fesa da ganin ƙurajen farko tsakanin fure da cikar ƙwaya. Bayan ƙwaya ta cika ganye ya fara rawaya, feshi ɓarnar kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sayayya. Mutum ya ce a ba shi "maganin gona", a miƙo masa piya-piya ko wani maganin ƙwari, alhali ba ruwansu da fumfuna. Karanta sunan sinadarin da ke ƙarƙashin babban suna, ko ka sa ɗanka ya karanta maka. Nemi lambar izinin CSP, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona, domin kaya da yawa na shigowa ta iyaka ba tare da ita ba. Duba ranar lalacewa, ka guji wanda aka ɗura a robar lemo ko ya sha rana a kan tabarma. Tambayi kuma kwana nawa za a jira kafin girbi, tunda harawar dabbobinka za su ci, waken kuma yara ne za su ci awararsa.