Sharhi: gilashin ƙara girma na waya wajen ɗaukar hoton sauro

Gilashin da nake magana a kai ɗan ƙarami ne, yana zuwa da maƙali da ake matse shi a kan kyamarar waya, an rubuta masa ƙarfin ninki 10 ko 15. Na yi amfani da shi wajen ɗaukar hotunan sauro da tsutsarsa don wallafawa a Facebook da WhatsApp, kuma ina ganin duk mai wayar da kan jama'a kan lafiya ya kamata ya mallake shi, muddin ya san iyakarsa.

Yawancinsu ana sayar da su ne gilashi biyu a ɗaure da juna, na faɗaɗa hoto a sama, na ƙara girma a ƙasa. Sai ka kwance na saman ka ajiye, in ba haka ba komai dishi-dishi za ka gani. Ka cire rigar wayar, don kaurinta yana nesanta gilashin da kyamara har gefen hoto ya yi baƙi. Idan wayarka mai ido uku ce ko huɗu, ka riƙa toshe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ke aiki. Wasu wayoyin da kansu suke sauya ido da zarar ka matso kusa da abu, sai ka kashe wannan tsarin a saiti.

Babbar wahalarsa tazara ce. Hoto ba ya fita tar sai gilashin yana kamar santimita biyu zuwa uku daga sauron, kuma abin da ke fita ras a cikin hoton bai fi kaurin milimita ɗaya ba. In ka samu kan, ƙafafun baya sun ɓace. Saboda haka ba zuƙowa ake yi a fuskar waya ba, wayar ce ake matsarwa gaba da baya a hankali, a jingina ta da littattafai, a sa ƙidayar daƙiƙa uku don kada taɓa maɓalli ya girgiza ta. Filasha ba ta da amfani a wannan kusanci, kuma wayar kanta tana yi wa sauron inuwa. Abin da ya fi aiki shi ne tocila daga gefe, a sa farar takarda tsakaninta da sauron don hasken ya yi laushi.

Kada a tafa sauron. Alamomin da ake bambanta su da su wasu ƙananan ɓawo ne masu kama da ƙura a jikinsa da fikafikansa, da an murje shi sun goge. A kifa masa kofi mai garai-garai a jikin bango, a zura kati ta ƙasa, a sa shi a firiza kamar minti goma sha biyar. In an fito da shi a bar raɓa ta bushe, sannan a juya shi da tsinke a kan farar takarda, a ajiye rula a gefensa. Hotuna uku ake buƙata: gadon baya daga sama, gefe tare da ƙafafu, da kai.

A nan ne gilashin ya burge ni. A kan macen Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, za ka ga wasu 'yan sanduna biyu a gefen tsinken bakinta, tsayinsu kusan ɗaya da tsinken, ga ɗigo-ɗigon fari da baƙi a gefen fiffike. A macen Kuleks da ta Edis, wasu dangogin sauro biyu, sandunan gajeru ne ƙwarai. Edis mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi baƙa ce mai fararen zobba a ƙafa, da fararen layuka masu lanƙwasa a gadon baya. 'Yar'uwarta da ta samo asali daga Asiya farin layi ɗaya tal take da shi a tsakiya. Namiji kuwa gashin kansa buzu-buzu ne, kuma ba ya cizo ko kaɗan. Tsutsa ma a cikin cokalin ruwa tana nuna kanta: ta Anofilis kwanciya take yi a miƙe daidai fuskar ruwa, ta Kuleks da Edis kuma rataye suke, kai a ƙasa, suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu.

Iyakarsa kenan, kuma a nan mutane ke yin ɓarna a kafafen sada zumunta. Sauro ya haura iri 3,500 a duniya. Gilashin zai kai ka ga babban gida, wato Anofilis ko Edis ko Kuleks, amma da wuya ya wuce nan. A dangin Anofilis gambiye akwai nau'o'in da ko ƙwararre da madubin ɗakin bincike ba ya raba su sai da gwajin ƙwayoyin gado. Ga kuma Anofilis sitifensi, sauron Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, Habasha a 2016, Najeriya a 2020, wanda ke hayayyafa a tankunan ruwa cikin birane. Tabbatar da shi aikin ɗakin bincike ne. Wanda ya wallafa hoton waya ya ce ga shi ya shigo unguwarsu, tsoro kawai ya shuka. Haka nan babu hoton da zai nuna ko sauron yana ɗauke da cuta. Abin da ya dace a rubuta a ƙarƙashin hoto shi ne ranar da aka kama shi, da lokaci, da garin, a ɗaki ne ko a waje, da alamar da ta sa kake zaton wane iri ne. Sannan a ɗora shi a manhajar iNaturalist ko ta Mosquito Alert, inda masana ke dubawa su gyara.

Ina kuma roƙon masu wallafawa su haɗa kowane hoto da aiki guda. Hoton tsutsar Edis ya zo da bayanin cewa daga ƙwai zuwa sauro kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi, don haka a zubar da ruwan tsofaffin tayoyi da gwangwanaye duk mako, a kuma goge cikin randa ko duro, domin ƙwayayenta suna manne a jikin bango kuma suna jure bushewa na watanni. Hoton Anofilis ya zo da tunatarwar cewa da dare ta fi cizo, gidan sauro mai magani ne kariya daga gare ta, kuma mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.

Gilashin roba yana saurin karcewa, gefen hotonsa kuma yana fitar da shuɗi-shuɗi, don haka a nemi na kwalba, a riƙa sa sauron a tsakiyar hoto a yanke gefen. Maƙalin ma yana sakewa da daɗewa, ɗan zoben roba yana riƙe shi. Wajen turawa ƙwararre ta WhatsApp, a tura hoton a matsayin fayil, don in aka tura shi yadda aka saba manhajar tana matse shi, fararen zobban ƙafar nan da aka sha wahala a kansu su narke.